Ƙwayoyin tsoka sun cika faranti amma sun ƙi haɗewa: ina matsalar take?

Tambaya: Ina karatun digiri na biyu, bincikena a kan yadda tsoka ke gyara kanta bayan rauni ne. Na ciro tsokar ƙafafun baya na manyan ɓeraye, na narkar da ita da kolajinas, inzayim mai narkar da abin da ke ɗaure nama, na shuka abin da na tace a farantin roba cikin ruwan reno na DMEM mai siram, wato ruwan jini da aka tace, kashi 10 cikin 100. Ƙwayoyin suka yaɗu da sauri har suka rufe faranti, na yi murna, na raba su sau uku. Da na rage siram don su haɗe su zama zaren tsoka, mako guda ya wuce ban ga komai ba sai ɗai-ɗai nan da can. Ina matsalar take, kuma wace hanya ya kamata in bi?

Amsa: Malama, daga yadda kika kwatanta aikin, zato mafi ƙarfi shi ne abin da ya cika miki faranti ba ƙwayoyin tsoka ba ne. Faibirobilas ne, ƙwayoyin da ke saƙa kolajin da sauran abubuwan da ke ɗaure nama, su ne kuma masu yin tabo idan rauni ya warke. Roba tsura da ba a shafa mata komai ba, ruwan DMEM, siram kashi 10: da mutum zai zauna ya tsara yanayin da faibirobilas zai ji daɗi ya kori kowa, da wannan ɗin zai tsara. Saurin cikar farantin da ya sa ki murna shi ne ma alamar farko, domin ƙwayar tsokar babban ɓera ba ta da wannan gaggawar a kwanakin farko.

Kada ki zubar da farantin tukuna. Ki ɗora shi a maikuroskof ki duba da kyau. Mayobilas na ɓera, wato ƙwayar da za ta zama tsoka, ƙarama ce, kewayayya ko mai ɗan tsini biyu, gefenta yana sheƙi, tana zaune a kan roba ba ta kama ta sosai ba, sau da yawa a ga biyu-biyu ko ƙaramin gungu a wuri ɗaya. Faibirobilas kuwa babba ne, shimfiɗaɗɗe, dishi-dishi, ya miƙa ƙafafu ta ko'ina, nukiliyos ɗinsa babba a fili. Amma ido yakan yaudari mai shi, musamman idan faranti ya cika ƙwayoyi sun matse juna sun yi tsawo. Abin da ke raba gardama shi ne rini. Ki shuka kaɗan a kan gilashi, ki daskarar da su da sinadari, ki rina su da antibodi masu kama Pax7 da MyoD, furotin da ke nuna ƙwaya ta tsoka ce, ki ƙara na desmin idan kina da shi, ki rina nukiliyos duka da DAPI, sannan ki ƙirga a wurare da dama na gilashin. Duk sakamakon da aka samo daga farantin da ba a san kashi nawa ne tsoka a cikinsa ba, ni ba na ɗaukarsa da muhimmanci, ko wa ya kawo shi.

Yanzu a san abin da ake farauta, don a cikinsa rabin amsar take. Zaren tsoka ƙwaya ce guda ɗaya, doguwa, mai ɗaruruwan nukiliyos, kuma ba ta rabuwa. Idan ta lalace, gyaran daga wasu ƙananan ƙwayoyi yake fitowa, waɗanda ke maƙale a jikinta. Alexander Mauro ne ya bayyana su a 1961, a tsokar kwaɗo, da maikuroskof na ilektiron, ya sa musu suna satalayit. Mazauninsu matsattse ne: tsakanin tantanin zaren da wani siririn mayafi na laminin da kolajin wanda ya lulluɓe zaren gaba ɗaya. A nan suke barci wata da watanni, sai rauni ya tashe su. Idan sun farka sai su kunna MyoD su yi ta rabuwa, a wannan matakin ne ake ce musu mayobilas. Daga nan mafi yawansu su kunna mayojenin, su daina rabuwa, su haɗe da juna ko da zaren da ya ji ciwo, kaɗan kuma su koma barci saboda gaba. A 2000 ɗakin binciken Michael Rudnicki a Kanada ya nuna cewa ɓeran da ba shi da Pax7 yana rasa waɗannan ƙwayoyi, a 2011 kuma ƙungiyoyin bincike daban-daban suka kashe ƙwayoyi masu Pax7 a jikin babban ɓera, tsokar ta kasa sake gina kanta.

Abu biyu ne suka shafe ki a nan. Na farko, 'yan kaɗan ne. A babbar dabba ba su kai kashi 10 cikin 100 na nukiliyos ɗin tsoka ba, alhali a jaririn ɓera sukan kai kusan kashi 30. Shi ya sa mai koyo ya fi samun sauƙi idan ya fara da jarirai ko ɓeraye 'yan makonni kaɗan, in dai tambayar bincikensa ba ta tilasta masa amfani da manya ba. Na biyu, a ƙarƙashin mayafi suke. Faibirobilas da ƙwayoyin jijiyoyin jini da fararen ƙwayoyin jini a waje suke, tsakanin zare da zare, kolajinas yana taɓa su suke sakowa. Satalayit kuwa sai an yage mayafin nan. Idan da kolajinas kaɗai kika yi aiki, kuma na ɗan gajeren lokaci, mai yiwuwa da yawa daga ƙwayoyin da kike nema sun tsaya a kan matata maƙale da guntayen zare, kika jefa su a shara, kika shuka maƙwabtansu.

To, ga yadda ake yi. Bayan kwamitin kula da dabbobin gwaji ya amince da tsarin aikin, a ciro tsokar da kayan aiki masu tsabta, a jefa ta nan take cikin ruwan gishiri mai sanyi da aka sa wa fenisilin da sitireftomaisin. Sai a zauna a gyara ta a kan ƙanƙara. Wannan shi ne wurin da mutane ke yin ha'inci saboda gajiya, shi ne kuma wurin da aka fi samun riba. Duk wani fari da kika gani, jijiya ce, kitse ne ko tantanin da ya rufe tsoka, ki cire shi da hantsaki, don gidan faibirobilas ne. Gashi ko ɗaya kada ya shiga, shi ke kawo ƙwayoyin cuta. Daga nan a yi ta daddatsawa da ƙaramin almakashi har sai babu wani gutsure da ya wuce milimita ɗaya. Ba a so a murƙushe naman, yanka ake so. Gutsuren da ya yi girma inzayim ba ya ratsa cikinsa, sai wajensa ya narke fiye da kima cikinsa yana nan ɗanye.

Narkarwar da na fi so ga babban ɓera hawa biyu ce. Da farko kolajinas nau'i na biyu, a digiri 37, ana girgizawa a hankali, kamar awa ɗaya. A wanke, sannan a sake sa kolajinas kaɗan haɗe da disfes na kamar rabin awa, shi disfes ɗin ne ke taimakawa wajen kwance mayafin. Dukansu biyu ba sa aiki idan akwai EDTA, sinadarin da ke kame kalsiyam, a ruwan, kolajinas kuma yana buƙatar kalsiyam, saboda haka ki duba ruwan da kike narkar da su a ciki. Ki kula kuma da cewa ƙarfin kolajinas yana bambanta daga kwalba zuwa kwalba ko da kamfani ɗaya ne, don haka da ma'aunin ƙarfi ake auna shi, ba da nauyi kaɗai ba, kuma duk sabuwar kwalba sai an gwada ta. Bayan inzayim sai aikin hannu: a ja ruwan a tura ta fifet sau da yawa, daga mai faɗin baki zuwa mai ƙaramin baki, a ƙarshe ta allura mai lamba 20 kamar sau goma, ba tare da kumfa ba. Wannan gogayyar ce ke ɓamɓaro satalayit daga guntayen zare. A tace ta matata mai ƙofa maikuromita 70, sannan mai 40, a wulwula a santirifuj, a zubar da ruwan sama. Siram yana kashe ƙarfin tirifsin, inzayim ɗin da ake ɓamɓaro ƙwayoyi daga faranti da shi, amma ba ya yi wa kolajinas haka, sai dai a wanke shi da ruwa mai yawa.

Abin da ya kwanta a gindin bututun haɗin gambiza ne. Raba shi shi ne ainihin sana'ar.

Hanya mafi tsufa kuma mafi araha ita ce wadda aikin David Yaffe na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya kafa tun wajen 1968 zuwa 1970. Faibirobilas yana rigan mayobilas manne wa roba. Sai a zuba ƙwayoyin a faranti tsura, a sa a inkubeta minti 30 zuwa awa ɗaya, a karkata farantin a tsotse ruwan a hankali tare da duk abin da bai manne ba, a mayar da shi farantin da aka shafa wa kolajin. Abin da ya manne a na farko a bar shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka sau ɗaya ya wadatar. Faibirobilas ciyawa ce a gona, ba a nome ta sau ɗaya a huta: 'yan ƙalilan da suka tsira za su ninka, bayan mako biyu su shanye faranti. Don haka ana maimaitawa a duk lokacin da za a raba ƙwayoyin, har sai rini ya nuna an haura kashi 90. Akwai wata dabara da ke tafiya tare da wannan. Tunda mayobilas na ɓera ba ya riƙe roba da ƙarfi, idan aka wanke faranti da ruwan gishiri marar kalsiyam da magniziyam, aka bar shi 'yan mintoci, aka buga gefen farantin da tafin hannu, sai ki ga ƙananan masu sheƙin sun taso suna yawo, shimfiɗaɗɗun suna nan daram. A kwashe na saman, a bar sauran. Idan kika zuba tirifsin mai ƙarfi kika jira komai ya tashi, kin kwashe abokin gaba kin kai shi sabon gida da hannunki.

A 1994 Thomas Rando da Helen Blau na Jami'ar Stanford suka haɗa wannan da ruwan reno da ke fifita mayobilas: Ham's F-10 mai siram na ɗan tayin saniya kashi 20, da furotin mai sa girma da ake kira bFGF, a farantin da aka shafa wa kolajin. Har yau wannan ne ginshiƙin da yawancin ɗakunan bincike ke ginawa a kai. F-10 ba ya ba faibirobilas daɗin da DMEM ke ba shi, bFGF kuma yana sa mayobilas ya ci gaba da rabuwa yana hana shi saurin balaga. Idan faranti ya tsarkaka ana iya komawa rabin F-10 rabin DMEM don girma ya ƙara sauri. Ki kwatanta wannan da abin da kika yi, za ki ga abubuwa uku sun bambanta a lokaci guda: ruwa, siram, da shimfiɗa.

Idan jami'arku tana da na'urar FACS, wadda ke tantance ƙwayoyi ɗaya-ɗaya da hasken leza, to a rana ɗaya ake gama abin da hanyar Yaffe ke ɗaukar makonni. A ɓera ana fitar da masu CD45, su ne na jini, da masu CD31, su ne na bangon jijiyoyin jini, da masu Sca1, sannan a ɗebi masu VCAM1, ko masu intagirin alfa 7 haɗe da CD34. Tsarkin yana da yawa sosai, amma adadin kaɗan ne, ƙafafun baya biyu na babban ɓera ba sa ba da fiye da 'yan dubbai ɗari. A nan zaɓin inzayim yana da muhimmanci ƙwarai, domin tirifsin da furonas suna iya aske alamomin da antibodi zai kama. Tsakanin hanyoyin biyu akwai ta maganaɗisu, inda ake liƙa wa ƙwayoyin da ba a so ƙananan ƙwallayen ƙarfe a riƙe su a bututu, waɗanda ake so su wuce. Ba ta kai FACS tsarki ba, amma ta fi sauƙin kuɗi, ta fi kuma tausaya wa ƙwaya.

Ƙwayoyin nan masu Sca1 da ake fitarwa, kada ki raina su tunda warkewa kike bincike. A 2010 aka bayyana su a matsayin ƙwayoyin da ke iya zama kitse ko tabo, aka kuma nuna suna taimaka wa mayobilas a lokacin gyaran rauni. A faranti kawai suke zama matsala, a jiki abokan aiki ne. Wata rana kina iya son ki rene su tare da gangan, amma sai kin iya raba su tukuna.

Akwai hanya ta huɗu da nake ƙauna, ko da yake tana son hannu mai taushi. Richard Bischoff ya yi ta da tsokar tafin ƙafar gafiyar gwaji a 1986, Rosenblatt da abokansa suka daidaita ta ga ɓera a 1995. Ana ciro siririyar tsokar ƙafa da ake kira EDL daga jijiya zuwa jijiya ba tare da an ja ta ko an yanke zarenta ba, a jiƙa ta a kolajinas, sannan a riƙa fesa mata ruwa da fifet na gilashi mai santsin baki da aka shafa wa siram. Zaruruwan sai su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya, dogaye, miƙaƙƙu, masu haske. Wanda ya ji rauni nan take yake tsukewa ya gajarce ya yi duhu, a tsince shi a jefar. Kowane lafiyayyen zare yana ɗauke da satalayit ɗinsa 'yan kaɗan a mazauninsu na asali, ana iya kallon su suna farkawa suna rabuwa a kansa cikin kwana uku.

Sai reno. Bayan shuka ta farko, ki ƙyale farantin. Satalayit na babban ɓera yana ɗaukar kusan kwana biyu kafin ya yi rabuwarsa ta farko, kuma ba ya manna da wuri. Wanda ya canza ruwa washegari ya zubar da shi. A jira kwana biyu zuwa uku, in ma za a taɓa, a ƙara bFGF kawai. Shi bFGF ba ya jure zafin inkubeta, yana lalacewa da sauri, don haka a raba shi ƙanana a daskare, a riƙa sa sabo duk lokacin canza ruwa, nanogiram 2.5 zuwa 5 a kowace mililita, wasu ma suna kaiwa 10. Shimfiɗa kuwa, kolajin ya fi taimakawa wajen tsarkakewa, laminin da Matrigel sun fi sa ƙwayar ta kama ta bazu. Sai dai Matrigel daga wani ƙari na ɓera ake tatso shi, yana ɗauke da furotin masu sa girma da ba a san adadinsu daidai ba, wannan kuwa yana iya rikita gwajin da ke auna tasirin irin waɗannan furotin.

Yawan ƙwayoyi a faranti shi ne dalili na biyu da nake zargi a aikinki. Kin ce sun rufe faranti kafin ki raba su, har sau uku. Mayobilas idan ya gogi ɗan'uwansa sai ya fara shirin haɗewa ko da siram na nan da yawa. A duk lokacin da faranti ya cika, waɗanda suka fi iya zama tsoka su ne ke fara daina rabuwa, su ne kuma ke ɓacewa a rabo na gaba. Waɗanda ke wucewa su ne faibirobilas da mayobilas masu taurin kai. Wato ba tare da niyya ba mutum yana zaɓen ƙwayoyin da ba sa haɗewa. A raba su tun faranti bai wuce kashi 60 zuwa 70 ba, a kuma lura da gungu, don faranti yana iya zama rabi fanko amma tsakiyar gungun ta riga ta cushe. Shuka su da nisa sosai ma ba ta da kyau, sukan tsaya cak. Idan ƙwayoyin kaɗan ne, a nemi ƙaramin faranti.

Idan lokacin haɗewa ya yi, sai a juya dokar. A shuka su da yawa, kusan cike, a wanke ruwan reno sarai don kada bFGF ya saura, a zuba DMEM mai siram na doki kashi 2. Mayobilas na ɓera mai kyau ba ya ɓata lokaci. Cikin awa 24 za ki ga sun yi tsawo sun jeru gefe da gefe, kwana biyu zuwa uku ki ga dogayen mayotub, wato sababbin zaruruwan tsoka, masu nukiliyos a jere a ciki, bayan haka wasu su fara motsi da kansu, suna tsukewa suna saki ba wanda ya taɓa su. Wannan motsin ne ma ke ɓalle su daga roba, shi ya sa shimfiɗa mai kyau take da amfani, kuma a riƙa zuba ruwa ta gefen faranti a hankali. Don aunawa, a rina da antibodi na mayosin, MF20 shi ne sananne, a ƙirga nukiliyos da ke cikin zare mai nukiliyos biyu ko fiye, a raba da jimillar nukiliyos. Kada ki yi tsammanin kashi 100. Ko a faranti mafi tsarki wasu sukan ƙi haɗewa, su rage MyoD su riƙe Pax7, su zama ajiya kamar yadda suke yi a jiki. Su ba gurɓata ba ne, rini ne kaɗai zai bambanta su da faibirobilas.

Duk wannan gyaran hannu ne, za ki iya shi cikin 'yan watanni. Abin da ya fi shi nauyi ga mai binciken warkewar tsoka shi ne sanin cewa ƙwayar da ta yi mako biyu a kan roba ba ita ce wadda aka ciro daga jiki ba. Tarihin fannin ya koyar da wannan da tsada. A 1989 Terence Partridge da abokansa suka yi wa ɓeran mdx, mai irin cutar shanyewar tsoka ta Duchenne, allurar mayobilas masu lafiya, furotin distirofin da ya rasa ya bayyana a wasu zaruruwa. Aka yi ɗoki, a farkon shekarun 1990 aka gwada a yara maza masu cutar, ba a samu amfanin a zo a gani ba. Daga baya bincike ya nuna yawancin ƙwayoyin da aka rena a faranti suna mutuwa cikin kwanakin farko bayan allura, waɗanda suka rayu kuma ba sa yin nisa da inda allurar ta shiga. Sai a 2005 aka ga ɗaya gefen. Charlotte Collins da abokan aikinta a Landan suka dasa zare guda ɗaya da satalayit ɗinsa, ƙwayoyi kamar bakwai kacal, suka samar da sababbin zaruruwa sama da 100. A shekarar dai, Didier Montarras da Margaret Buckingham a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka nuna cewa satalayit da aka ciro aka dasa nan take ya fi wanda aka rena a faranti ƙarfin gyara nesa ba kusa ba.

Me faranti ke yi musu? Wani ɓangare na amsar taurin roba ne. A ma'aunin tauri, tsoka tana da laushin kusan kilofaskal 12, roba kuwa ta kai wajen miliyan. A 2010 Penney Gilbert a ɗakin binciken Blau ta rena satalayit a kan wani abu mai danƙo da laushinsa ya yi daidai da na tsoka, suka riƙe ikon sabunta kansu bayan dasawa fiye da na kan roba. Wasu kuma sun nuna cewa toshe inzayim ɗin p38 da magani yana jinkirta balagarsu, a ɓera da mutum da saniya. Iskar oksijin ma tana da hannu: ta inkubeta kusan kashi 20 ce, ta cikin tsoka ba ta kai rabin haka ba. Abin bai tsaya ga reno ba. A 2017 ƙungiyoyi fiye da ɗaya suka daskarar da tsoka da sinadari kafin narkarwa suka kwatanta da wadda aka narkar yadda aka saba, suka ga awannin nan na inzayim a digiri 37 kaɗai sun isa su tashi ƙwayar daga barci, ƙwayoyin gado irin su Fos da Jun su hau sama. Ashe da yawa daga abin da aka daɗe ana kira satalayit mai barci, ya riga ya fara farkawa.

Don haka tambayarki ce za ta zaɓa miki hanya. In kina son sanin yadda ƙwaya ke fita daga barci, zare guda-guda ko ƙwayoyin da aka tantance yanzu-yanzu za ki nema, mayobilas da aka raba sau biyar ba zai gaya miki komai a kai ba. In haɗewa kike bincike, misali aikin furotin Myomaker da Douglas Millay da Eric Olson suka gano a 2013, ko tasirin wani magani a kan kaurin mayotub, to hanyar Rando da Blau ta ishe ki, ki dai yi aiki da waɗanda ba a raba da yawa ba, ki kuma rubuta adadin rabon a kowane gwaji. Farantai uku daga ɓera ɗaya kuma ɓera ɗaya ne a lissafi, ba uku ba.

Idan aikin ya kai ki ga tsokar mutum, bayan izinin kwamitin ɗa'a da yardar mai bayarwa, yawanci ɗan gutsure ne daga tsokar cinya da allurar Bergström. Alamomin sun bambanta: CD56 ake kamawa, mutum ba shi da Sca1, CD34 ma ba alamar satalayit ɗinsa ba ce. Mayobilas na mutum ya fi na ɓera girma da shimfiɗuwa, ido ba ya raba shi da faibirobilas, desmin ne abin dogaro. Yana kuma tsufa ya daina rabuwa bayan wani adadi, shi ya sa ake daskarar da shi da wuri. Wannan shawarar ta shafi na ɓera ma: da zarar kin samu faranti mai tsarki, ki ajiye kwalabe da yawa a siram mai kashi 10 na DMSO, sinadarin da ke kare ƙwaya daga illar ƙanƙara, a sanyaya a hankali kamar digiri ɗaya a minti zuwa 80 ƙasa da sifili, sannan a mayar cikin ruwan naitirojin.

Game da farantin da ke hannunki, idan rini ya nuna masu MyoD ko Pax7 ba su kai rabi ba bayan rabo uku a cike, ni ba zan ɓata siram wajen ceto shi ba, sabon ɓera ya fi araha. A zagaye na gaba ki rena C2C12 a gefe. Layin ƙwayoyi ne da ya samo asali daga wanda Yaffe da Ora Saxel suka kafa a 1977 daga tsokar cinyar ɓera, ɗakin binciken Blau ya ware reshen da ake amfani da shi yau. Ba ya maye gurbin ƙwayoyin da aka ciro daga jiki, amma yana haɗewa cikin sauƙi idan ba a wahalar da shi ba, don haka ma'auni ne mai kyau. Ki sa su duka biyu a ruwan haɗewa ɗaya a rana ɗaya. Idan zuwa kwana na biyar C2C12 ya yi mayotub naki bai yi ba, matsalar a ƙwayoyinki take, ki koma kan narkarwa da tsarkakewa. Idan duka biyun suka ƙi, ki canza kwalbar siram ɗin doki, ki kuma aika ruwan faranti a yi masa gwajin PCR na maikofilasma, wata ƙaramar ƙwayar cuta da ke shiga faranti, domin ita ba ta gurɓata launin ruwa, ba a ganin ta a maikuroskof na yau da kullum, fenisilin kuma ba ya taɓa ta.